Athol Duggan da Hanyar Baƙin Tafki

Maganar da ta zaga Geeveston a farkon zafin bana ita ce wai Lorraine ta kori mijinta Athol Duggan daga gida, ta ce a duk abin da suka tara firji kaɗai ne rabonsa. Wai an gan shi da sanyin safiya yana hawa tudun bayan makaranta da firjin a goye, yana nishi kamar saniya mai naƙuda. Kafin labarin ya isa kantin burodi an ƙara masa cewa firjin a kunne yake. Tsohuwa Pybus mai kantin ta rantse da kabarin mijinta cewa da kunnenta ta ji ƙugin injinsa.

To, ƙarya ne, kuma ni Darcy, ɗan kawunsa, taubashinsa tun muna yawo ba wando, ni ya kamata in gyara. Lorraine ba ta kori kowa ba. Abin da aka gani a bayan Athol jaka ce, irin ta masu shiga daji. Ban ga laifin masu ganin ba dai, domin jakar ta kai firji, ta ma ɗara shi kaɗan. Ƙugin da tsohuwa ta ji kuwa ƙirjin Athol ne. Horar da ƙafafunsa yake yi, saboda ya yi wa 'yarsa Bron alkawarin zai kai ta Baƙin Tafki, can cikin gandun daji, inda mota ba ta zuwa, waya ba ta kamawa, sai tafiyar ƙafa da kwanan tanti.

Duk wanda ya san Athol ya ji haka sai ya ce gara a bar masa labarin firjin, ya fi kama da gaskiya.

Athol direban motar makaranta ne, kuma tun da ya kama sitiyari bai taɓa goga ko shinge ba. Iyaye suna ƙaunarsa saboda haka. Yara kuwa cewa suke yi dodon koɗi ya taɓa wuce su a hawan coci, har ya waiwayo. Dogo ne siriri, mai wuya kamar na zalɓe, wuyan nan kuma kullum a ɗage yake. Duk inda ya shiga, sama yake fara kallo. Baƙo sai ya ɗauka addu'a yake yi, alhali rassa yake dubawa. Ba ya ajiye mota a gindin bishiyar turare ko da rana za ta narkar da kujerun. Ranar aurensa ya sa aka janye tebura daga inuwa, amarya da danginta suka ci kek a tsakiyar rana suna share gumi da hular biki.

Akwai dalili, kuma wurin nan ba na wasa da shi. Mahaifinsa Clem, mijin gwaggota, mai yankan katako ne. Wata rana da tsakar rana ya zauna shan shayi a gindin wata doguwar turare, ba iska, ba hadari. Bishiyar ta saki reshe mai kaurin jikin doki. Abokan aikinsa suka ce ko ƙara ba su ji ba sai da ya sauka. Athol yana aji huɗu a lokacin. Tun daga ranar wuyansa ya ɗagu, bai kuma sauko ba.

Shi Clem ɗin ne mai zuwa Baƙin Tafki kamun kifi, shi kaɗai, kowace shekara in aiki ya lafa. Bron ta taso tana jin labarin a bakin kakarta, har ta kama ƙafar ubanta tun tana ƙarama cewa sai ya kai ta. Ya ce mata to, in zafi ya zo. Zafi ya zo, ya ce bana akwai gobarar daji. Wani ya zo, ya ce rafi ya cika. Wata shekarar macizai ne suka yi yawa, ban san wanda ya ƙirga masa su ba. Wata shekarar gwiwarsa. Kowane Disamba, lokacin da zafi ke kamawa a nan, yakan shimfiɗa taswira a teburin cin abinci, ya haddace kowane kwari da kowane tudu, kowane Janairu kuma ya naɗe ta ya mayar saman kabad. A haka Bron ta gama makaranta, ta tsallaka Melbourne, ta zama ma'aikaciyar jinya. Babu mutumin da ya san hanyar Baƙin Tafki kamar Athol, kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba.

Bana sai ta kira shi. Ta samu aiki a Darwin, can ƙarshen ƙasa, kuma ba ta san ranar dawowa ba.

"Baba, na ɗauki hutu, na sayi tikiti. In ka fasa ba zan yi fushi ba."

"Wa ya ce zan fasa?"

"Ba wanda ya ce. Ina dai gaya maka ne. Ba zan yi fushi ba, amma ba zan sake tambaya ba."

Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Faɗanta ya saba da shi. Wannan sanyin muryar ne bai san yadda zai yi da shi ba. Ya ajiye waya. Ya san 'yarsa, jinin Lorraine ce: in ta ce ta daina, ta daina. Za ta ci gaba da kiransa ranar Kirsimeti, ta tambayi gwiwarsa, ta yi masa dariya, amma ba za ta ƙara jingina da maganarsa ba har ya mutu.

Taswira ta sauko daga kabad. Lorraine ta koma cin abinci da faranti a cinya.

Hanyar a takarda ba ta da wuyar ganewa. A bar mota a ƙarshen tsohuwar hanyar masu katako, a shiga cikin manyan turare, a sha taɓo da matsattsaku, a tsallake rafi, a yi ta hawa har itatuwa su ƙare a fito sararin ciyawa. Daga nan tafkin ba nisa. Abin da ke hana Athol sukuni shi ne tsakiyar. Ya auna saurinsa a tudun bayan makaranta da jaka a baya, ya auna nisan, ya sake aunawa, lissafin bai canza ba. Rana za ta faɗi suna tsakiyar itatuwan. Dole su kafa tanti a can, ya kwantar da 'yarsa a ƙarƙashin rassan da ba ya yarda ya ajiye ko mota.

Da ya rasa yadda zai yi da bishiyoyin sai ya huce a kan jaka. Ya sa hulunan kwano biyu, na kwana, ɗaya nasa ɗaya nata. Ya sa zarto, ko reshe ya danne wani. Ya sa igiyar da za ta iya janyo jirgin ruwa. Ya sa murhun gas, ya sa wani ko na farkon ya ƙi, ya sa ashana a wurare daban-daban har shi kansa ya manta wasu. Gwangwanayen wake kuwa, in aka tsare su a dajin har Ista ba za su ji yunwa ba. Bandejin sarar maciji ya isa a naɗe mutum uku daga kai har ƙafa. Gishirin matsattsaku ya kai na gidan biki. Duk abin da ya faɗo masa a rai yana tuƙi, in ya dawo sai ya nemo maganinsa ya cusa. Jakar ta yi ta kumbura, shi yana ta ramewa.

Na leƙa shi wata Asabar na tarar yana gwada kwanciya a kan ciyawa da hular kwano a ka.

"Taubashi, yaƙi aka soma ban ji ba?"

"Wuce ka ba ni wuri."

"A'a, gaya mini dai in san inda zan ɓoye. In reshen da ya kai doki ya sauko, wannan kwanon me zai yi maka? Ko don a gane kanka ne?"

Ya cire hular ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ya san ba za ta yi komai ba, ya fi ni sani. Duk da haka ya mayar da ita cikin jaka.

Bron ta sauka ana saura kwana biyu. Ta rungume shi, ta ce ya rame, ya ce aiki ne. Washegari da safe rediyo ta ce iska mai ƙarfi za ta taso daga yamma a yammacin ranar da za su shiga, ta kwana tana kaɗawa. Athol ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa sha ba. Bron ta ji, Lorraine ma ta ji, ba wadda ta kalle shi.

Ya fita rumfar mota ya kira ofishin gandun daji. A ransa yana roƙon a ce an rufe hanya, domin in hukuma ce ta rufe, ba shi ya fasa ba. Matar da ta ɗauka ta ce a buɗe take. Bayan an jima ya sake kira, ko an canza shawara. Ta ce har yanzu a buɗe take. A kira na uku ta gane muryarsa.

"Malam Duggan, ba za mu rufe daji saboda iska irin wannan ba. Ku dai kula da inda za ku kwana."

Ku kula da inda za ku kwana. Kamar akwai wani abin da yake yi tun Disamba ban da wannan.

Ya zauna a kujerar direba cikin motar makarantar da ba kowa, yana gwada maganar da zai faɗa. Bron, ba don ni ba, don ke ne. Bron, mu ɗaga zuwa mako mai zuwa. Mako mai zuwa tana Darwin. Ya gwada da murya mai taushi, ya gwada da ta uba mai iko, duk suka fito iri ɗaya da na shekarun baya. Yana rufe ido sai ya ga tanti shuɗi da reshe a kwance a kansa. Yana buɗewa sai ya ga fuskarta tana cewa ba komai, Baba.

Da la'asar ya shigo gida da maganarsa a shirye. Ya tarar da Bron a bakin baranda da bokiti da buroshi, tana wanke ƙasan takalmanta. Kowa a nan ya san ba a shiga gandun daji da ƙasar wani wuri a takalmi, saboda cutar nan mai ruɓar da saiwar itatuwa. Sai an kankare, an wanke, an fesa magani. Shi ne aikin ƙarshe, ba a yin sa sai tafiya ta tabbata. Takalman Athol na gefe da taɓon lambu a jikinsu. A duk shirye-shiryensa na shekara da shekaru bai taɓa kaiwa ga buroshi ba.

Ni ina jingine da shinge, na zo aron tsani, kuma na ga alamar ba ranar gaggawa ba ce.

"Bron," in ji shi.

"Na'am, Baba." Ba ta ɗago ba.

"Kin ji rediyo."

"Na ji."

"Iska in ta shiga manyan turare..." Ya ɗaga wuyan nan ya dubi sama. "Ba zan iya kwantar da ke a ƙarƙashinsu ba. Ba zan iya ba."

Wannan ba ya cikin abin da ya haddace a mota. Ta ajiye buroshi.

"Na sani. Tun ina ƙarama na sani. Ba macizai ba ne, ba rafi ba ne." Ta share hannu a wando. "Kaka Clem a ina yake kwana in zai je?"

"Shi ba ya kwana a itatuwa. Wuni ɗaya yake ratsa su, ya kwana a sarari."

"To mu me ya hana?"

"Shi ai da bargo yake tafiya, da burodi, da ɗan gwangwanin dafa shayi. Ba ya ɗaukar..."

Idonsa ya sauka kan jakar da ke tsaye a ƙofar ɗaki, ta tare rabin hanya. Bron ta tashi ta kama maɗaurinta da hannu biyu ta ja. Jakar ba ta ko gaishe ta ba. Yarinyar da ke juya ƙattin majinyata a gado ita kaɗai, ta ja har fuskarta ta yi ja, ta saki.

Athol ya zauna a matakala. Duk lissafinsa da wannan kaya a baya ya yi shi. Kayan ne ke rage masa sauri, rashin saurin ne zai kwantar da su a itatuwa, kwanan itatuwan ne ya sa ya tara kayan. Ya ɗauko taswira ya bi hanyar da yatsa yana motsa leɓe. In suka tashi da asuba, da kaya marasa nauyi, za su iya fita sarari kafin iska ta taso. A sarari iska sai dai ta girgiza tanti, ba ta da abin jefowa.

Za su iya. Ba tabbas. In gwiwarsa ta ƙi, ko taɓo ya riƙe su, ko rafi ya ɓata musu lokaci, dare zai same su a cikin itatuwan, ga iska, ba kwano, ba zarto, ba komai. Ya faɗa mata haka.

"Haka ne," in ji Bron. "In muka ga ba za mu kai ba, sai mu juyo tun da rana. Amma mu juyo daga can, Baba, ba daga baranda ba."

Aka kwantar da jakar aka buɗe bakinta. Jama'a, na ga ana fiɗar sa a mahauta, bai kai wannan fitar da kaya ba. Lorraine ta fito ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Ashe nan tukunyata ta shiga. Athol, wata guda ina zargin maƙwabta."

Kowane abu sai da aka yi ciniki a kansa. Zarto ya fita da sauƙi. Igiyar ya roƙa a yanka masa rabi, aka ba shi kwata. Murhu na biyu ya riƙe shi a ƙirji kamar jariri, sai da Bron ta ce in na farkon ya ƙi za su ci burodi da cuku, ba wanda ya taɓa mutuwa da shayi mai sanyi. Gwangwanayen wake suka yi dala a baranda. Bandeji ta zaɓi biyu da hannunta, ta ce nan fagenta ne, kada ya sa baki. Duk abin da ya fita, sai ya bi shi da kallo kamar ana rusa masa katangar gida, yana ganin ranar da za su neme shi su rasa.

Hulunan kwano ne ƙarshe. Ya riƙe nata ya daɗe. Ba wanda ya yi magana, har ni, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Can ya ɗora ta a kan dalar wake, ya ɗora tasa a kai.

Jakar ta koma kamar akuyar da ta sha jinya. Ya goya ta, ya taka zuwa ƙofar shinge ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Sauƙin ma tsoro yake ba shi. Ya sauke ta ya zauna kusa da takalmansa. Buroshi na nan inda Bron ta bar shi, tsakaninsa da bokiti. Ya kalle shi, ya ɗaga kai ya kalli saman turaren maƙwabta, inda ganye ya fara ɗan motsi. Har yanzu bai ce za a je ba, bai ce ba za a je ba. Bron ta shige ciki da uwarta, ta bar ƙofa a buɗe.

Na ga shirun ya yi yawa, na ce bari in taimaka.

"Taubashi, kada ka wahalar da buroshin mutane. Ni na san gobe war haka kana nan kana shan shayi. Me za mu ce bana? Kada ka maimaita macizai, an gaji da su. Ka ce ka ji labarin kada ta shiga tafkin, ni zan yi maka shaida."

Ya miƙa hannu ya ɗauki buroshin. Ya tsoma shi a bokiti, ya juya takalmi ya fara kankara.

"Matso, Darcy, akwai aikinka."

"Ni? Ba na ɗaukar kaya, bayana ba shi da lafiya."

"Ba kaya ba ne. Mai shiga daji sai ya bar magana a hannun wani a gari. Kai za mu bar wa. In rana ta faɗi ran Laraba ba ka ganmu ba, ka kira 'yan sanda, ka ce Baƙin Tafki, mutum biyu, tanti shuɗi."

Na gyara tsayuwa. Na ce ashe dai ya san mai hankalin dangi, duk garin nan ni ya ga ya dace ya damƙa wa ransa.

Bai ɗago daga takalmin ba.

"Hankali ba ya ciki. Lorraine za ta tsaya yi mana uzuri, ta ce ƙila muna hanya. Kai kuwa bakinka ba shi da murfi. In muka makara ko da na tsawon shan kofin shayi ɗaya ne, kafin ka kai ga waya ka riga ka binne mu a gidan mutum goma, rabin gari ya fito nema. Karo na farko ke nan da bakin nan zai yi wa wani amfani. Ɗauki tsaninka ka tafi, kana tare mini haske."